Takalmin Hagu

Ni ne mai gyaran takalma a bakin tashar jirgi ta Ƙaura,
da basilla, da zare, da kujera mai ƙafa uku.
Ƙafata ta shanye tun ina goye, ban taɓa shiga fili ba,
amma duk ƙwallon da Labbo ya ci ta hannuna ta biya.

Yana ɗan sha uku ya fara tsayawa a gabana
da takalmin gwanjo, baki buɗe kamar kada na shan rana.
Na hagu ya mutu murus, na dama ko ƙwarzane babu.
Na ce, yaro, da ƙafa ɗaya kake tafiya?
Ya ce, Baba Ɗan'ige, da ita zan ci tuwo.
Ko sisi ba shi da shi. Na ɗinke, na ce bashi ne,
duk wadda ka jefa a raga, ka zo ka ba ni labari.

Sai na nemi gawayi.
Kowace ƙwallo, layi ɗaya a jikin bangon rumfata.

A filin bayan layin dogo aka fara,
inda ake korar awaki kafin a busa usur,
turakun gora biyu, ragar kuwa sai dai a zuci.
Ba ya gudu da yawa, har ana ce masa malalaci,
yana tsaye kamar mai jiran canji a wurin mai shayi,
sai mai tsaron baya ya kifta ido,
shi ke nan, a je a ɗauko ta cikin gero.

Gusau ta ɗauke shi, Kudu ta saye shi,
daga nan sai sunansa a rediyo, ana karya shi da wani harshe.
Nakan manna kunne, basilla a baki,
in aka ja ihu ya yi tsawo, na san hagu ce.
Wata damina ruwa ya wanke mini layi arba'in,
na mayar da su daga ka, ban ƙara ko ɗaya ba.

Ranar da ya shafe tarihin da ya shekara talatin a kwance,
masu babura sun hana Ƙaura barci.
Jarida ta ce ɗari biyu da tara.
Bangona ya ce ɗari uku ba ɗaya,
don ni na ƙirga har da na cikin gero,
waɗanda babu mai hoto, babu mai tafi sai awaki.

Sannan gwiwa ta ce ya isa.
An yanka, an ɗinke, an sake yankawa,
ɗinkin likita bai kai nawa riƙo ba.

Jiya da la'asar ga shi tafe, yana ɗingishi irin nawa,
furfura ta fara leƙowa a gemu.
Ya daɗe yana duban bango, leɓensa na motsi.
Ya ajiye takalmin hagu a kan cinyata,
ya ce, Baba, nawa ne bashin?

Ban amsa ba, don wata yarinya na tsaye a bayansa,
ƙafafunta duk jar ƙasar fili,
riƙe da takalmi mai buɗaɗɗen baki.
Na miƙa masa gawayin,
na ce, duba can ƙasa, akwai sauran wuri.