Gwangwani Goma Sha Ɗaya

A Agege, ƙarƙashin gado,
Gwadabe ke ajiye gawarwakinsa:
gwangwanayen fim, tsatsa ta ci bakinsu.

A ciki akwai ɗan sanda mai gajeren wando,
ruwa na dukansa a tashar Apapa,
da mace mai wuƙa a jaka,
da akawun da ya mutu sau bakwai
kafin Gwadabe ya ce, "Yauwa, haka ake mutuwa."

Jaridu suka ce sata yake koya wa yara.
Liman ya daina amsa masa sallama.
Amma daren Asabar, layin tikiti
har bakin titin jirgi:
'yan dako, 'yan goro, masu gadi,
suna yi wa ɓarawo ihu ya waiwaya.

Jiya ɗalibai suka zo da rikoda,
wai shi ne gwanin gwanaye.
Ya buɗe gwangwani guda. Warin tsami.
Damshin Ikko ya narkar da fuskoki,
saura hannu, riƙe da ashana.

"Baba, wa ya yi kisan?"
Ya ɗaga fim ɗin saitin taga, ya jima.
"Na manta," in ji shi.
"Amma ku dubi inuwar nan."