Riyal Sittin

Daren Alhamis a Jidda
na tsakuri riyal sittin daga kuɗin aike gida,
na sayi kujera a silima.
Tanimu ya ce hauka ne. Wataƙila.

Fitilu suka mutu,
sai ga mai tabo a goshi
yana rantsuwa shi amini ne.
Balaraben gefena ya yarda da shi.
Ni kuwa mako uku ke nan da ganin wuƙarsa
a waya, cikin tallan minti biyu,
ina jiran maigida a ƙofar banki.

Na san gadar za ta karye.
Na san wanda ruwa zai ci.

Mai turare a Balad ya fi su wayo:
ɗigo ɗaya a bayan hannu,
ya toshe kwalba, ya kau da kai.
Da ƙafarka za ka dawo.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau
tun Laraba ake gane ta.
To, wa ya aiki Laraba ta yi huɗuba?

Da Balaraben ya zabura, guggurunsa ya zube,
na ji ƙyashin firgitarsa.
Nasa riyal sittin ɗin ne suka yi aiki.