Hanyar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

A Tudun Hatsi ni ne Giɗaɗo mai wake,
wanda a da yake saɓa buhu a kafaɗa
ya haye tirela ba ya neman a tallafa.
Yanzu matakala bakwai ta masallacinmu,
sai na tsaya a ta biyar
in yi kamar ina gyara takalmi.

Ba ciwo ba ne can-can.
Kamar dai an aza min tiya goma a ƙirji,
ya gangara hannun hagu, ya taɓa muƙamuƙi.
In na zauna sai ya tattara ya tafi,
kamar mai bin bashi da ya tarar da baƙi.

Na kwanta aka auna, takarda ta fito tas.
Dakta Kwairanga ya ture ta gefe:
"Zuciya a kwance ba ta tona asirinta.
In ka je sayen sa a kasuwar Kumo,
a ɗaure kake taya shi,
ko sai an kora shi ka duba ɗingishi?"

Ran Laraba, ba shayi, ba goro.
Yila ya aske min ƙirji wuri-wuri,
ya manna wayoyi goma,
na koma tsohuwar rediyo a teburin mai gyara.
Na hau bel. Ƙasa ta motsa.
Shekara hamsin da takwas ina taka Gombe,
ban taɓa ganin hanya na gudu baya ba,
ni ina nan, bango na nan,
da kalandar bara da ba a cire ba.

Minti uku na farko, hanyar Bajoga ce, shimfiɗe.
Aka ƙara tudu, aka ƙara sauri,
Yila ya matse min dantse, ya kira lamba.
Minti shida, hawan Tula.
Gumi ya ci ƙugun wandona.
Cikin na bakwai baƙon ya iso,
ko sallama babu.

"Yaya dai, Baba?"
"Lafiya lau," in ji bakina,
don haka aka koya mana tun muna yara.
Amma zaren da ke tsalle a gilashi
ya sunkuya ƙasa, ya ƙi tashi,
ya faɗi abin da na ɓoye wa Dudu wata takwas.
"Tsayar," in ji likita.

Ya zana min jijiyoyi uku a bayan kati,
masu shayar da zuciya.
Wataƙila ɗaya kitse ya cinye mata hanya:
a zaune ruwan na isa,
a hawa gona na kuka.
"Wannan nuni ne, ba hukunci ba.
Sai mun leƙa da hoto kafin mu yanke.
Kafin nan ga ƙwaya, a rage gishiri,
a yi sallama da taba da kitsen balangu."

Ni da nake gane mudun da aka buge wa gindi
tun daga nesa,
ashe da irinsa nake auna wa kaina lafiya.

Jiya a matakala ta biyar na tsaya.
Ban taɓa takalmi ba.
Ɗana Bappayo ya waiwayo,
na ce masa, "Jira ni. Ƙirjina ne."