Waƙafi a Kakuri

Injin masaƙa ya yi shiru tun ɗana Tanimu yana rarrafe.
Yau Tanimu na jan keke mai ƙafa uku daga Kakuri zuwa Kawo,
ni kuwa Barau, da furfurata,
ina kan bencin 'yan firamare, gwiwata na dukan tebur,
ina koyon Turanci bayan isha'i
don in rubuta wa kamfani wasiƙa da hannuna.

Malama Rifkatu ta ɗiga alli a jikin allo:
"Wannan aya ce. In ka sa ta, zance ya ƙare."
Ta ɗiga wani, ta ja masa ɗan wutsiya:
"Wannan waƙafi ne. Ja numfashi, da saura."
Na ce, Malama, wannan ai ɗan unguwarmu ne,
shekara goma sha tara ina zaune a kansa.

Iya Sikira mai agidi ta yi dariya har da tari.

Jimla, in ji Malama, sai da mai aiki a gaba,
sannan aikin, sannan wanda aikin ya faɗa wa.
Babban baƙi a farko, kamar hula a kan dattijo.
Ban sha wuya ba.
Wanda ya san zaren tsaye da na kwance
ya san in ɗaya ya tsinke, ƙyalle ya yi rami.

Sai na zaro takardar kamfani daga aljihu,
ta sha ninki har ta yi laushi kamar atamfar da ta ga ruwa.
Malama ta karanta, ta sake karantawa,
ta bi layin da yatsa.
"Sun ce za a biya."
Na ce, wa zai biya?
Ta ce, "Ba su sa mai aiki ba.
Turanci na da ƙofar baya,
ta nan mai aiki ke sulalewa, ya bar aikin tsaye shi kaɗai."

A ƙasa sun ce za su dawo gare ni.
Ranar da aka fara fassara mini wannan
sai da na sa aka share zaure, na sayi goro.
Ashe ma'anarsa: tashi ka tafi gida.
Sun kuma ce suna duba cikin maganar.
Rijiya ce?
Malama ta ce a Turanci in mutum ya ja ƙafarka,
wasa yake maka.
To, tawa ƙafar ta ƙara tsawo.

Aka ɗauke wuta.
Jatau makaniki ya haska mini da wayarsa,
ƙwari suka taru a kan farar takarda
kamar ayoyin da suka rasa wurin zama.

Na rubuta a hankali, biro na santsi da gumi:
Ni na saƙa.
Ku kun sayar.
Kowace jimla da mai aikinta, ba mai ɓuya.
Ta ukun na lanƙwasa mata lauje a ƙarshe,
na danna ɗigon ƙasansa har biro ya huda takarda.

Malama ta ce in sake kwafewa a sabuwa.
Na ce a'a, a bar musu hujin,
tunda sun ce suna son dubawa ciki.