Ƙumar Baƙuwa

Daren Laraba na ji ta tana susa,
ƙafar baya na bugun ƙyauren langa-langa
kamar mai sallama da tsakar dare.

Baƙuwa muke ce mata, don haka ta zo,
shekarar da ɓera ya raba riɗinmu biyu
ya ɗauki babban kaso.
Tun da ta tare a gindin rumbu
ko kashinsa ban ƙara gani ba.

Na haska tocila, na buɗa gashin wuya,
ga su nan, baƙaƙe, kamar garin masoro.
Kafin in haɗa farce sun yi sama,
sun bar ni da sakin baki.

Ɗanbaba ya ce fiya-fiya,
Inna Hansai ta ce kalanzir.
Ni kuwa ban manta muzurun Malam Iro ba:
an yayyafa masa da hantsi, ya lashe jikinsa,
kafin la'asar yana kumfa,
da magariba aka jefa shi bayan kuka.

Sai na jira kasuwar Gujungu.
Yaron da ke rumfar maganin dabbobi,
Nafi'u, mai tabo a gira,
ya ce, Baba, kar ka ba ta na kare,
kar ka ba ta na awaki,
ita mage hantarta ba ta ɗaukar wasa.
Ga nata: ɗigo a ƙeya,
inda harshe ba ya kaiwa,
in wata ya zagayo ka sake.
Kuma wanda ka gani a jikinta ɗan aike ne,
dangin suna cikin buhun da take kwana.

Kuɗin riɗi mudu uku!
Na tsaya, na yi lissafin ɓera,
na biya.

Buhu ya sha wuta.
Tabarma ta sha tafasasshen ruwa da rana,
na share ɗaki har ƙarƙashin randa,
na zuba ganyen darbejiya a lungu.
Na sace matajin Ladidi
ina taje ta bisa kwanon ruwan sabulu,
suna faɗawa, ina ƙirgawa,
na ɓace a arba'in da wani abu.

Ladidi ba ta yi mini magana ba sai da na sayo sabo.

Yau kwana tara.
Ƙyaure ya yi shiru.
Da asuba na tarar da kan ɓera a takalmina,
ita kuma tana can bisa katanga
tana wanke fuska, ko kallona ba ta yi.

Ni ne dai har yanzu nake susar idon sawu.