Musu a Rumfar Ilu

Ruwa ya tsare mu a Agege, gefen layin dogo,
rumfar Ilu mai shayi tana ɗiga ta kusurwa.
Nomau ɗan dako ya dire kofi, ya ce:
"Da za a haɗa Tsinke da Dutsen Apapa,
turmin farko, wallahi, sai a nemo makara."

Hashimu tela ya ce, "Kai kilo kake ƙirgawa.
Wa ya taɓa damƙe iska?
Zai zagaye shi kamar ɗan acaba a cunkoson Oshodi
har ƙaton ya yi haki, gwiwa ta saki."

"Sauro dai sauro ne."
"Sauron ne ya kwantar da kai sati biyu bara."

Jirgi ya wuce, ya haɗiye rabin dariyar.
Wani ya kawo tsawon hannu, wani faɗin ƙirji,
wani ya rantse ya ga irinta a Gusau yana yaro.
Ba wanda ya tuna Dutse ya kwance zare, yana gadi a Ikeja,
Tsinke kuwa ya tafi gida noman albasa.

Ruwa ya tsagaita. Nomau ya miƙe, ya cika rumfa.
Ilu, da bai kai buhun gari nauyi ba,
ya tare hanya da cokali a hannu:
"Shayi uku, burodi biyu, da na jiya."

Ƙato ya sunkuya yana laluben aljihu.
Hashimu ya ɗaga hannun Ilu sama:
"Jama'a, ya yi kisa!"