Mota Mai Zaɓen Abinci

Yayana Evaristo ne ya bar min ita,
ja wur, a lafe da ƙasa kamar kyanwa mai fakon ɓera.
A bayan murfin tanki ya manna takarda
da rubutunsa mai karkata:
"Casa'in da takwas kaɗai. Kada ka ba ta na gama-gari."
Wasiyyar ke nan duka. Ko gaisuwa babu.

Kwana uku ina gangarawa kudu cikin Patagoniya,
Hanya ta Arba'in a miƙe kamar zaren da aka manta ba a naɗe ba.
Iska na marin ƙofa ba gajiya,
tumaki duk sun juya mata baya,
allurar mai kuwa sai sunkuyawa take yi
a hankali, kamar mai gyangyaɗi.

Gidan mai na farko: dizal da na gama-gari.
Yaron ya leƙa ciki, ya yi fito,
ya ce, "Abincin wannan sai gaba."
Na biyu an ɗaure bakin famfo da leda,
tanka ba ta zo ba kwana tara,
kare na barci a inuwar allon farashi.

Nan na koyi tafiyar hawainiya.
Na kashe rediyo, kamar shi ke shan man,
na raɓe a bayan babbar motar ulu
don ta tare min iska.
Motar da aka ƙera ta tsere wa inuwarta,
ga ta tana shaƙar hayaƙin wata a kan sittin.
Da Evaristo ya gani, da ya yi dariya har ya ƙware,
ko ya zage ni, ban san wanne ba.
Shekara shida ba mu yi magana ba
kafin a kira ni daga asibiti.

Fitilar gargaɗi ta kama da yamma liƙis
a bakin wani ƙauye mai rufin kwano bakwai.
Wata dattijuwa, Eulogia, mai sayar da burodi,
ta miƙo min ƙoƙon shayi mai ɗaci,
sai da na shanye ta buɗe baki:
"Je bayan makaranta, ka nemi Anselmo.
Yana da wani babur da yake shagwaɓawa."

Jarka biyu, a ƙarƙashin buhu,
makon jiya ya ɗauko su daga birni.
Ya buɗe ɗaya, ya shinshina, ya miƙo min na shinshina.
Na ciro kuɗi. Ya ture hannuna
da yatsu huɗu, baƙin mai ya zauna a farcensu.
"Kuɗi a nan iska ke kwashewa.
Ba ni makulli. Zuwa gada, in dawo."

Na tsaya jim.
Takardar ba ta ce komai a kan wannan ba.

Ya tace man da ƙyalle, ya ɗura,
ya kaɗe wandonsa sau biyu kafin ya zauna.
Da farko ya ja ta kamar mai ɗauke da ƙwai,
taga a buɗe, kunne a karkace,
yana sauraron abin da ni ba na ji.
Da hanya ta miƙe, ya taka sau ɗaya tak.
Bayana ya manne da kujera,
turakun shinge suka haɗe suka zama bango,
tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya
ya ƙwala ihu irin na yaron da aka tashi daga makaranta.

A bakin gada ya kashe ta.
Ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
"Mai ita ya so ta," in ji shi.
Na ce, "Fiye da mutane."
Ya shafa sitiyari. "Amma kai ya bar wa."

Da asuba na tashi da lita arba'in
da burodin Eulogia a kujerar gefe.
Kafin in shiga na duba murfin tanki,
gefen takardar ya fara ɓamɓarewa.
Na danna shi da babban yatsa,
na daɗe ban ɗaga ba.